Warƙa huɗu a Alƙur'anin Bappa

Ranar da aka yi rabon gadon Bappa, bayan an gama da maganar gona da gida, babban ɗansa ya miƙe ya sauko da gafakar da ke rataye a zaure, ya ajiye ta a gabana. Ya ce, "Duk gidan nan kai ne mai hadda, kai ya dace ka riƙe." Bappa yayan mahaifina ne, kuma tun ban san kaina ba shi ne limamin ɗan masallacinmu na ƙofar gida a Bolari, nan cikin Gombe. Alƙur'anin da ke cikin gafakar na kakanmu ne, wanda ya yi karatunsa a gabas ya dawo da shi. Rubutun hannu ne, falle-falle ba ɗinki, a naɗe cikin tadarishi an ɗaure da igiyar fata. In ka ɗaga takardar ga rana sai ka hango jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, irin takardar nan da ake kawowa daga Italiya a da.

Na karɓa da hannu biyu, amma gabana na faɗuwa, don akwai abin da ya taɓa shiga tsakanina da Bappa a kan wannan Alƙur'ani. Ina ɗan shekara goma sha shida lokacin, ina Islamiyya, na yi nisa a hadda da ruwayar Hafsu, ana yaba tajwidina. Wata magariba Bappa ya ja mu salla da Wasshamsi. Da ya kai ayar ƙarshe sai na ji ya ce "fa la yakhafu uƙbaha". Daga sahu na biyu na ɗaga murya na ce "wa la yakhafu". Ya maimaita da "fa", ya yi ruku'u. Bayan sallama bai yi mini faɗa ba. Ya kira ni zaure, ya kwance tadarishin, ya nemo fallen ya ɗora yatsa a wurin. Na ga harafi da ɗigo ɗaya a ƙarƙashinsa, ban ma gane ko wane harafi ne ba. Ya ce, "Haka muka karɓa." Na yi shiru don kunya, amma a raina na yanke cewa mai rubutun ne ya kuskure, tsofaffi kuma suka bi shi a haka. Har Bappa ya koma ga Allah ban sake tayar da maganar ba, ban kuma nemi afuwarsa ba.

Bayan sadakar arba'in na zauna in jera fallayen in tabbatar sun cika. Masu irin wannan rubutu suna sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can gindin wadda ta gabace ta, da ita ake gane jeri idan takardun suka hargitse. Ina bi ina bi, har na zo Suratul Hadid, sai kalmar gindi ta ƙi haɗuwa da warƙar da ke biye. Daga "I'ilamu annamal hayatud dunya" har tsakiyar Ƙad Sami'a babu. Goggo ta ce wata damina ce rufin zauren ya yi yoyo, aka shanya takardun, huɗu daga ciki suka ruɓe, Bappa ya binne su. Bai damu da cikewa ba tunda karatun yana kansa.

Ni kuwa na ga aiki ne na mako guda. Na samo takarda mai kauri na yanka daidai girman sauran, na buɗe Alƙur'anina bugun Madina, na kwafe wurin tsaf da rubutun da na fi iyawa. Na ɗauka na kai wa wani tsohon alaramma a Kumbiya-kumbiya, aminin Bappa ne tun suna gardawa, don ya sa albarka kafin in saka. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa. Ya kai takardar kusa da idonsa yana bi da yatsa, can sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Wannan 'huwa' ɗin daga ina?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai haka ayar take: fa innallaha huwal ganiyyul hamid."

Ya ce, "A naku. A namu fa innallahal ganiyyul hamid ne, babu huwa." Ya ci gaba da bi, ya tsaya a wurare da yawa, yana faɗin yadda suke a wajensu. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, abin da ka rubuta Alƙur'ani ne, ba na ja. Amma ba na wannan gafaka ba ne. In ka saka shi ka haɗa ruwayar Warshu, wadda muke karantawa, da taku ta Hafsu a tadarishi ɗaya, wanda zai gada bayanka bai san inda aka yi gamin ba."

Na roƙe shi ya rubuta mini da hannunsa, ko nawa ne in biya. Ya nuna mini hannun yana rawa, ya ce alƙalami ya daɗe da yin bankwana da shi. Sai ya ce in na ga zan iya, in nemo allo in zo bayan asuba.

Da haka na shiga. Ina da mata da 'ya'ya uku, ina koyarwa a makarantar firamare, amma na sayi allo a babbar kasuwa na zauna a gefen ƙolawa. Su suna rera "alu, ambaki, wau, zal", ni ina koyon yadda ake fiƙe alƙalamin gamba. Tunda ina da hadda, Alaramma ya ce ba sai na faro daga Nasi ba, in kama daga Fatiha da Baƙara in gangaro. Sumuni ɗaya a rana. Da dare in duba na kakanmu in rubuta a allo, da asuba in biya masa, ya gyara baki ya gyara rubutu, in ya gamsu ya ce in wanke. Alhamis da Juma'a babu karatu. Izu sittin, kowane izu sumuni takwas, ka ga sumuni 480 ke nan. Da ranakun da aka hana ni wankewa da na rashin lafiya da azumi, shekara biyu da wata biyar na yi.

Makon farko haruffa ne suka fara ba ni wuya. Harafin nan da Bappa ya nuna mini ashe fa ne: a wannan rubutu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, irin na mutanen Magrib. Sai kuma harshe. Warshu yana ɗauke wasalin hamza ya mayar wa harafin da ke da ɗauri kafinta, sai "ƙad aflaha" ta koma "ƙadaflaha", "man amana" ta koma "manamana". Yana sassauta hamza mai ɗauri, ya ce "yuminuna" inda na saba cewa "yu'uminuna", abin da ya sa na fara jin kalmarmu ta "mumini" da wani kunne daban. Yana kaurara lam a "assalat", yana siranta ra a wuraren da bakina ya saba kaurarawa, maddin da nake ja huɗu shi shida yake ja. Annabi ma da hamza yake karanta shi, "annabi'u". Hadda ta shekaru tana da ƙarfi. Sai in shiga aya da Warshu, kafin in kai ƙarshenta harshena ya koma gida. Alaramma ba ya magana, sai dai ya ƙwanƙwasa allon da ɗan yatsa, in koma baya.

Waɗannan duk ƙa'idoji ne, da an riƙe su an riƙe. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kalmomin da suke canzawa ɗai-ɗai. A Fatiha "maliki" babu ja, ba "maaliki" ba. A farkon Baƙara "wa ma yukhadi'una" a maimakon "wa ma yakhda'una", sai "yukazzibuna" a maimakon "yakzibuna". Alamar aya ma ba koyaushe take inda na saba ba, don ƙidayar Madina 6214 ce, ta Kufa da Hafsu yake kai 6236. Kalmomin suna nan, wurin tsayar da ƙidaya ne ya bambanta. Da muka kai "wa ausa biha Ibrahimu", inda na haddace "wa wassa", na ga a nan har alif ne guda ya ƙaru a jikin rubutun. A Ali Imrana "sari'u" babu wau a gabanta. Na tambayi Alaramma dalili. Ya ce, "Ruwaya ce." Na sake tambaya wata rana, ya ce, "Haka muka karɓa." Kalmar Bappa ce sak. Na yarda da gaskiyarsa, amma ni malamin makaranta ne, yara suna zuwa mini da hotunan da suka gani a waya, an jera Alƙur'ani biyu an zagaye harafi da jan layi ana cewa ga shi nan sun saɓa. Ina bukatar abin da zan faɗa musu, ina kuma bukatar abin da zan faɗa wa kaina.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani malami a Tudun Wada wanda ya yi karatun ƙira'o'i a waje, yana karantar da Shaɗibiyya duk Asabar bayan la'asar. Waƙe ne mai baiti 1173 wanda Imamu Shaɗibi, da ya rasu a shekara ta 590 bayan hijira, ya tattara ƙira'o'i bakwai a ciki. Ranar farko na kwashe tambayoyina na zube masa. Ya faro mini daga hadisin Sayyidina Umar, da ya ji Hishamu bin Hakim yana karanta Suratul Furƙan ba yadda shi ya koya ba, ya ja shi har gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Annabi ya saurari kowannensu ya ce haka aka saukar, ya kuma ce an saukar da Alƙur'ani a kan haruffa bakwai. Ina jin wannan sai magaribar nan ta Bolari ta dawo mini.

Sai ya zo kan Sayyidina Usmanu. Huzaifa bin Yaman ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan ya ga mutanen Sham da na Iraƙi suna jayayya a kan karatu, ya kai kuka. Halifa ya aika aka karɓo takardun da ke hannun Nana Hafsa, ya sa Zaidu bin Sabit da Ƙuraishawa uku suka kwafa, aka aika wa manyan garuruwa kowanne da nasa. Rubutun lokacin babu ɗigo babu wasali, alif mai ja kuma sau da yawa ba a rubuta shi. Saboda haka kalma ɗaya a rubuce tana iya ɗaukar karatu biyu da aka ji daga Annabi. Inda rubutu ɗaya ba zai ɗauki biyun ba, kamar "huwa" ɗin Hadid, sai ya zo a mus'hafin wani gari da ita, na wani garin babu. Na Madina da na Sham babu "huwa", na Makka da Kufa da Basra akwai. Nafi'u mutumin Madina ne, shi ne malamin Warshu. Asimu mutumin Kufa ne, shi ne malamin Hafsu. Kowa ya karanta daidai da mus'hafin garinsa. Malam ya ce malamai ba su ɓoye wannan ba ko sau ɗaya. Abu Amrin Addani, wanda ya rasu a 444, ya jera waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Almuƙni'u, har da fa ɗin ƙarshen Wasshamsi.

Ban bar shi haka ba. Na ce to, Allah ya gafarta Malam, ko rashin ɗigon ne ya haifar da ƙira'o'in, kowa ya karanta yadda ya ga dama? Ya ce wannan tambaya ta girme ni da shekaru dubu. Zamakhshari, mai tafsiri, ya soki karatun Ibnu Amir, makarancin Sham, a aya ta 137 cikin Suratul An'am, ya ce ganin ya a rubuce cikin "shuraka'ihim" a wani mus'hafi ne ya ja shi, malamai irin su Abu Hayyan suka mayar masa da martani mai zafi. Tun kafin nan, a Bagadaza, an tuhumi mutum biyu a shekaru biyu a jere. Ibnu Miƙsam, a 322, ya ce duk karatun da ya dace da rubutun mus'hafi da nahawu ya halatta ko ba a ruwaito shi ba. Aka sa ya janye. Ibnu Shanabuz, a 323, yana karanta abin da aka ruwaito daga wasu sahabbai amma ya saɓa wa rubutun Usmanu. Shi har bulala aka yi masa a gaban waziri Ibnu Muƙla. Ɗaya ya riƙe rubutu ya saki ruwaya, ɗaya ya riƙe ruwaya ya saki rubutu, duka biyun aka ƙi. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833, shi ya fayyace sharuɗɗan a taƙaice: isnadi ya inganta, karatun ya dace da rubutun ɗaya daga mus'hafan Usmanu, ya kuma dace da Larabci ko da ta fuska ɗaya.

Abin da ya kwantar mini da rai dai misali ne guda da ya sa na duba da idona. Mim, lam, kaf, babu alif: haka aka rubuta a Fatiha, haka a "malikal mulki" ta Ali Imrana, haka a "malikin nasi". A Fatiha makaranta sun rabu, wasu suna ja wasu ba sa ja. A Ali Imrana kowa ja yake yi. A Nasi babu mai ja. Da daga takarda suke tsintar karatu da sun rabu a duka ukun. Daren nan na kasa barci da wuri, na ɗauko na kakanmu da na bugun Madina ina duba wuraren uku.

Ya kuma gyara mini wani abu da na daɗe da ɗauka ba daidai ba: haruffa bakwai na hadisi ba su ne ƙira'o'i bakwai ba. Ibnu Mujahid, wanda ya rasu a 324, shi ya zaɓi makaranta bakwai, adadin ya zo ɗaya, mutane suka rikita, har wasu malamai suka yi masa ƙorafi a kan haka. Daga baya aka tabbatar da uku suka zama goma. Ko mus'hafin Usmanu ya ƙunshi haruffan bakwai duka, ko ɗaya kawai kamar yadda Ɗabari ya tafi, ko abin da rubutun zai iya ɗauka daga cikinsu kamar yadda Ibnul Jazari ya zaɓa, wannan saɓani ne da yake nan cikin littattafai, kuma Malam bai yi ƙoƙarin rufe mini shi ba.

Inda na sha wuya shi ne da malaman nawa biyu suka saɓa a bakina. Na biya wa Malam surar Walluha yadda na ji tsofaffi suna yi, "walluhe, wallaili iza saje". Ya ce a nan abu biyu ne, dole in raba su. Karkatar da wasali ruwaya ce, amma ta hanyar Azraƙ, almajirin Warshu, wadda ita ce tamu, ɗan kaɗan ake karkatawa, tsakanin wasalin sama da cikakkiyar imala, wato karkatarwa sosai zuwa wasalin ƙasa. Cikakkiyar wuri ɗaya take, a ha ta Ɗaha. Mayar da harafin ladi ya zama lam kuwa ba Warshu ba ne, harshenmu ne, shi ne ya ba mu alwala da farilla da alƙali da Ramalan. Ya ce ba daga banza ya zo ba, don mafitar harafin gefen harshe ce, maƙwabciyar lam, amma dai ba lam ba ne. Washegari na biya wa Alaramma da gyaran. Ya ƙwanƙwasa allo. Na sake, ya sake ƙwanƙwasawa. Na ce, "Alaramma, an ce mini a littafi haka yake." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ni bakin malamina na kalla, shi ma bakin nasa ya kalla." Kwana uku bai ce in wanke ba. A na huɗu ya ce in karanta yadda aka koya mini can, shi zai kula da kalmomi da rubutu. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban sake kawo masa zancen littafi ba.

Ra'ayina a nan ba zan ɓoye ba. A kan ladi da sa da zal, gaskiya tana wajen Malam, kuma tsangayu za su ƙaru in sun karɓi gyaran. Amma mu 'yan Islamiyya mun yi wani kuskure da ya fi wannan nauyi, mun haɗa lafazi da ruwaya mun kira su duka kuskure. Ba mu san akwai wani abu wai shi Warshu mai isnadi har Madina ba, alhali shi ake karantawa a Maroko da Aljeriya da Muritaniya, kamar yadda ake ruwayar Ƙaluna a Libiya, ta Duri a Sudan. Mun taso ne bayan bugun Alƙahira na 1924 ya bazu da Hafsu, bayan maɗaba'ar Madina da aka buɗe a 1984 ta cika hannun alhazai da kyauta. Wanda ya zo a buge da takarda mai sheƙi muka ɗauka shi ne asali, na gafaka kuma na ƙauye. Maɗaba'ar Madinar nan kanta tana buga na Warshu.

A fagen rubutu kuwa ban ga wanda ya kama ƙafar Alaramma ba. Idonsa ya yi rauni, amma in ya kai allo kusa da fuska babu alif ɗin da zai wuce shi. Ya san inda ake tsayar da alif da baƙi, da inda ake share shi a ɗora ƙarami da ja. "Assalat" da "azzakat" da wau. "Bi aidin" ta Zariyati da ya biyu. "La azbahannahu" ta Namli da alif ɗin da ba a karantawa. Ya ce mini "rahmat" da buɗaɗɗiyar ta wuri bakwai ce, "ni'imat" goma sha ɗaya, ya lissafo su daga ka. Na kai wa Malam, ya buɗe littafi, suka zo daidai. A gefen fallayen kakanmu akwai harji, ƙananan rubuce-rubuce da ke faɗin sau nawa irin wannan gaɓa ta zo da kuma inda 'yan'uwanta suke. Alaramma bai taɓa karanta Almuƙni'u ba, amma abin da ke cikinsa ya zo masa ta allo.

Wata rana da aka hana ni wankewa saboda alif ɗaya, na tambayi Malam me zai hana a rubuta kowace kalma yadda ake furta ta, yara su huta. Ya ce an tambayi Imamu Malik ko a rubuta mus'hafi da sabuwar ƙa'idar da mutane suka ƙirƙiro, ya ce a'a, sai dai a kan rubutun farko, kuma mafi yawan malamai a nan suka tsaya. Amma Alƙali Baƙillani ya ce babu nassin da ya wajabta wani salon rubutu. An ruwaito daga Izzuddin bin Abdissalam cewa a rubuta wa jama'a da abin da suka sani don kada jahili ya canza karatu. Ibnu Khaldun ya tafi nesa da haka, ya ce fasahar rubutu ba ta gama nuna ba a zamanin sahabbai, waɗanda suka biyo baya sun bi su ne don neman albarka, bai kuma yarda da masu nemo wa kowane ƙarin harafi wani sirri ba. Wasu kuma suka ce rubutun kansa da umarnin Annabi aka yi shi. Ni dai ban kai ga cewa kowane alif yana da sirri ba. Abin da hannuna ya koya mini shi ne, in ka cika alif ɗin da suka bari, ka rufe ƙofar ɗaya daga karatu biyu. A warƙoƙin nan da nake son cikewa ma akwai shaida: Hafsu yana cewa "yuzahiruna" da "almajalis", Warshu yana cewa "yazzahharuna" da "almajlis", kuma baƙin rubutun ɗaya ne, babu alif a duka biyun. Saboda wannan nake bayan a bar shi yadda yake.

Da muka gangaro ƙananan surori, ranar da Wasshamsi ta zo, na rubuta fa ɗin na ɗiga mata ɗigonta a ƙasa. Na biya, Alaramma ya ce in wanke. Kafin in tashi na ba shi labarin magaribar nan, wanda ban taɓa ba kowa ba. Ya ce Bappa ya faɗa masa tun a lokacin, kuma cewa ya yi yaron yana da kunne. Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a. Daga nan maƙabarta na wuce kafin in tafi makaranta.

Bayan sauka da sati biyu ya ce in kawo takarda. Wani gardinsa ya dafa mini tawada da gabaruwa, ya haɗa mini ja ta wasali, rawaya ta hamza, kore ta alif ɗin sadarwa, kamar yadda suke a sauran fallayen. Na ƙirga layukan kakanmu na ja nawa daidai da su. Wahalar ita ce dole rubutuna ya fara daga kalmar gindin warƙar da ta gabata, ya kuma ƙare daidai inda tsohuwar warƙa ta gaba ta kama, ba ragi ba ƙari. A karo na farko hannuna ya fi nasa matsewa, na gama saura rabin shafi fili. A na biyu tsayin ya zo daidai, na yi baƙi na gama, na bi da ja, na kai masa ina murna. Ya bi har Ƙad Sami'a, yatsa ya tsaya. "Ma'asiyatir rasul" sau biyu ta zo a surar, duka da buɗaɗɗiyar ta. Na buɗe ta farko, na ɗaure ta biyu. Na ce ko in kankare in gyara. Ya ce a allo ake wankewa, wannan takarda ce, in sake warƙar. Waɗanda suka ɓaci na ƙone su na binne tokar a gindin bangon masallaci.

Na uku ya bi su sau biyu, rana guda da safe, washegari kuma da hantsi da haske ya yi ƙarfi. Ya kira gardin nan ya karanta daga takardar shi yana saurare da ido a rufe. Da aka zo "fa innallahal ganiyyul hamid" ya gyaɗa kai. Da aka gama ya ce in rubuta da ƙanana a gefen warƙar farko cewa waɗannan huɗu cikon jika ne, da shekarar hijira, don kada wani ya jingina wa kakanmu hannun da ba nasa ba. Na rubuta. Shi da kansa ya saka su a gurbinsu, ya daidaita bakin fallayen a kan gwiwarsa, ya naɗe tadarishin, ya miƙo mini igiyar in ɗaure.